Anti Rifkatu Mai Tsince Waƙa

"Ni dai na ce babu ta yarwa a ciki, tun daga ta farko har ta ƙarshe," in ji Zakiyyu mai aski, yana kakkaɓe tawul a ƙofar shagonsa.

"Ka ji shi duka?" Anti Rifkatu ta tambaye shi, ba ta ko ɗago kai daga faifan shinkafar da ke kan cinyarta ba.

"Na ji mana. Kwanakin nan me nake sawa a shago?"

"Waƙoƙin farko kake sawa. Da an kai tsakiya sai mutum ya shigo, ka kunna injin aski, ƙararsa ta toshe maka kunne. In ka gama ka mayar da abin farko. Sule, ƙarya na yi masa?"

Ni ne Sule. Shagon ɗinkina yana tsakanin nasu, a layinmu na Tunga, don haka duk gardamar da za su yi ta kaina take wucewa. Na ce ni ban sani ba, keke nake takawa. Zakiyyu ya ce haka nake kullum, ba a taɓa kama ni a ɓangaren kowa ba.

Abin da ake gardama a kai sabon albam ne na Tartsatsi, mai waƙar gambarar zamani, wadda yara ke kira hip hop. Ɗan Minna ne, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa ya tashi, ya tafi Legas ya yi suna. Layin Dogo ya sa wa albam ɗin. A makon da ya fito babu inda ba a jin sa, daga cikin keke napep zuwa wajen masu wankin mota, har layin 'yan gwanjo a Kasuwar Kure.

Ita kuwa Anti Rifkatu sana'arta ke nan, sa waƙa a wajen biki. 'Yar manoma ce daga wani ƙauye a gefen Kagara. Ta ce tun tana yarinya ita ake ba tukunyar kiɗa a zumuntar mata ta cocinsu, saboda hannunta ba ya gaba da waƙa, ba ya kuma baya. Aure ya kawo ta Minna. Mijinta, Oga Gabriel, yana ba da hayar lasifika da janareta, ita kuma tana tsare masa shago. Da ya sami aikin lantarki a wajen madatsar ruwa ta Zungeru, sai kayan suka zauna suna shan ƙura, har ya fara maganar sayarwa.

Wata maƙwabciyarta, Maman Rukayat, ita ta hana a sayar. Ana bikin ƙanwarta, mai gidan ya ce babu namijin da zai shiga tsakar gida ya zauna cikin mata da sunan sa waƙa. Sai ta zo ta ce, "Rifkatu, ba ke ce kike gwada kayan nan kullum da safe ba? Ɗauko su ki zo." Ta ɗauko ta je. Tun daga ranar matan Limawa da Kwangila da Bosso suka san akwai mace mai sa waƙa, wadda za ta shigo har ɗaki a cire mayafi a gabanta, kuma ba ta taɓa sa abin da zai sa uwa ta sunkuyar da kai a gaban 'yarta ba. Wannan shi ne jarinta, ya fi lasifikan tsada.

Yadda take aikinta kuwa, duk layinmu an sani. In sabon albam ya fito, sai ta auno shinkafar gida, irin ta Bida mai daɗi mai tsakuwa, ta zuba a faifai, ta sa abin ji a kunne, ta ajiye gwangwanin madara a gefen ƙafa. Tana ji tana tsinta. Ba ta tsallake waƙa ko ɗaya, ko da ta gundure ta. In ta ji abin da bai yi mata ba, zagi ne, ko batsa, ko baitin da aka cusa don cika wuri, sai ta jefa tsakuwa a gwangwanin. Daga shagona ina jin ƙarar: kwal. Wani albam ɗin sai a yi shiru har ya ƙare. Wani kuwa sai ka ce ana ruwan ƙanƙara a kan kwano.

Ranar da ta ji Layin Dogo, da farko shiru aka yi. Na leƙa na ga tsintar ma ta tsaya, ƙafarta ce kawai ke bugun ƙasa. Can kuma na ga tana share ido da gefen zane. Bayan wani lokaci sai gwangwani ya fara magana, bai kuma yi shiru ba sai kusan ƙarshe.

"To gaya mana laifinsa," in ji Zakiyyu, ya jawo benci ya zauna.

"Bari in fara da abin da ya iya, kada ka ce baƙin ciki nake masa. Yaron yana da baki. Yana tafe cikin Hausa ya faɗa turancin kasuwa ya fito ta Nufanci, ƙafarsa ba ta zame daga kan kiɗa ba. Wanda ya haɗa masa kiɗan kuma ya san gangar gida, ba kwaikwayo yake ba. Waccan da ya yi wa uwarsa, da take sayar da gasasshiyar doya a tashar jirgi, tana ɓoye masa gutsure a ƙasan tire, wannan ko a coci sai in sa ta. Ka ji yadda ya rage murya a wurin? Kamar yana tsoron kada ta farka."

"To ka ji!"

"Tsaya mana. Daga nan fa sai ya manta da doya ya koma agogo. Agogo, mota, agogo, mota. Mun ji kana da mota, sai mu yi yaya, mu tura? Ya kuma kwaso abokai daga Legas, kowa ya zo ya zubar da nasa ya tafi, kamar gidan da ba mai gadi. Akwai wadda aka matse masa murya da na'ura har ya koma kamar sauro a cikin kwalba. Mai murya irin tasa me ya kai shi? Kuma ya yi tsawo. Da ya zubar da na tsakiyar nan, da babu wanda zai kama ƙafarsa bana."

Zakiyyu ya ce ai na tsakiyar ne ake so a Legas. Ta ce to a kai musu can, ita a Limawa take aiki.

Ana cikin haka keke napep ya tsaya, Rukayat ta fito da ƙawayenta. Ita ce 'yar waccan maƙwabciyar da ta fara fito da Anti Rifkatu, kuma bikinta ya rage 'yan kwanaki. Ni nake ɗinka musu anko. Sun zo gwaji ne, amma ba ta ko kalli shagona ba, ta wuce ta durƙusa a gaban faifan shinkafa.

"Anti, na zaɓi waƙar da zan shiga da ita."

"Wacce?"

"Ta Tartsatsi. Wadda yake cewa a buɗe ƙofa ga hasken gida ya iso."

Anti Rifkatu ta dubi gwangwani, ta dubi yarinyar. "Amshinta zuma ne, ban musa ba. Baitinsa na farko ma lafiya lau. Amma kin ji abin da baƙon nan ya faɗa a tsakiya? Wanda ya shigo bayan amshi na biyu?"

Ƙawayen suka fara dariya suna rufe baki.

"Anti, ai ba wanda zai gane, da sauri yake faɗa."

"A gidan wa za a yi wunin?"

"Gidan su ango."

"Wa zai zauna a kujerar gaba?"

Kowa ya san amsar. Hajiya Aishat ce, gwaggon ango, mutuniyar Bida, wadda ta yi shekaru tana shugabar makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Babu irin turancin da ba ta ji, na littafi da na titi. A wani bikin danginsu an taɓa kawo mai sa waƙa, ya sa abin da bai dace ba, ta tashi da kanta ta je ta zare wayar wuta, ta naɗe ta a hannu ta koma ta zauna. Daga ranar ba a sake kiran mutumin a unguwar ba.

"In na sa wannan baitin a gabanta," in ji Anti Rifkatu, "ranarki ta farko a gidan ta ɓaci, ni kuma sai in koma noman doya a Kagara. Zan yanke shi."

Nan fa hankalin amarya ya tashi. Ashe sun yi makonni suna koyon takun rawa a kan waƙar yadda take. A daidai baitin baƙon ne ƙawaye za su rabu biyu, su buɗe hanya, ita kuma ta taho a hankali ta tsakiya har gaban iyaye. In aka yanke wurin, babu lokacin tahowar, duk tsarin ya rushe. Idonta ya ciko.

"Kada ki yi mini kuka a kan shinkafa, gishiri zai yi yawa," in ji Anti Rifkatu. "Ku dawo gobe."

Ta wuni a gaban kwamfutarta. Akwai wani ɗan wuri a farkon waƙar da ganga ce kawai ke tafiya babu murya. Shi ta ɗauko ta jera, ta jera, har ya cike gurbin baitin baƙon daidai, ba ƙari ba ragi. Na ji shi ta bango ya fi a ƙirga. Har na fara taka keke a kan kiɗan ban sani ba.

Washegari da la'asar 'yan matan suka dawo, aka share bayan shaguna aka yi gwaji. Waƙa ta tashi, suka taho gwanin sha'awa. Amshi na biyu ya wuce, murya ta ɗauke, ganga ta ci gaba ita kaɗai, ƙawaye suka rabu biyu. Sai kawai, ba tare da sun yi shawara ba, bakinsu ya ɗauki baitin da aka cire, kalma bayan kalma, da ƙarfinsu. Har Zakiyyu daga cikin shago yana taya su.

Anti Rifkatu ta kashe waƙar. Suka tsaya suna kallon juna, sai kuma kowa ya fashe da dariya, har da ita, ta riƙe ciki.

"Kun gani ko? Na cire tsakuwa daga faifai, ashe tana cikin bakinku."

"Wallahi Anti ba da gangan ba ne, da kansa yake fitowa."

"Na sani. Ku goma ne nan. Ranar kuwa duk 'yan matan Limawa za su cika gidan, kowace ta haddace shi. In na bar wurin fili, su za su cike mini shi, kuma ba ni da wayar da zan zare daga bakinsu."

Ta zauna tana juya gwangwanin a hannu. Can ta ɗago ta dube ni.

"Sule, ka gama ɗinkin Hajiya Aishat?"

Na ce saura guga.

"Goge. Tare za mu kai."

Mun same ta a barandar gidanta, da tabarau, tana yanke farce. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta duba ɗinkin ciki da waje, ta ce hannun ya yi, wuyan ma ba laifi. Sannan ta dubi Anti Rifkatu.

"Ke kuma fa? Ɗinki kika koma?"

"A'a Mama, roƙo na zo. Waƙar da amarya za ta shigo da ita akwai wurin da babu kowa a ciki, ganga ce kawai. Ina neman bakin babba ya zauna a wurin."

"Me ya sa babu kowa?"

"Na fitar da wanda ke ciki, Mama. Ba shi da tarbiyya."

Hajiya ta sauke tabarau. "Ta yaron nan ce na gidajen jirgi? Jikokina sun hana ni barcin rana da shi. Na san wurin da kike nufi, na kuma ji abin da aka ce." Ta ajiye abin yankan farcen. "Waccan ta uwarsa mai doya, ita kam ya yi abin kirki. Na sa an maimaita mini. Amma sauran, mota, agogo, mota. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa da ya zauna a bencin baya da marasa ji."

"Abin da na gaya wa mai askinmu ke nan, Mama."

"To me kike so in ce a wurin?"

"Abin da kike faɗa in an kawo amarya gidanku. Sunan iyayenta da na kakanninta, da naku, da addu'a. In muryarki na wurin, babu yarinyar da za ta buɗe baki."

Ta sa mata kiɗan a waya. Hajiya ta saurara, fuskarta ba ta nuna komai ba, amma na ga babban yatsan ƙafarta yana ɗagawa yana sauka a cikin silifas. Da ya ƙare ta mayar da tabarau.

"Ni ba mawaƙiya ba ce, Rifkatu. Da girmana a ce na hau kan kiɗan yara? Ku gaida gida. Zan gani."

A hanya na tambayi Anti Rifkatu ko wannan amincewa ce. Ta ce ita ma ba ta sani ba. Na ce to in Hajiya ba ta karɓa ba fa? Ta ce sai ta kashe waƙar a tsakiya, amarya ta taho cikin shiru, ta san kuma Rukayat ba za ta manta da wannan ba. Ranar ban ji ta yi gardama da Zakiyyu ba.

Ranar wuni na je Limawa da allura da zare, don rigar amarya ba a rasa abin kamawa. Na gama na fito, tunda taron mata ne. Na tsaya a waje gefen janareta, inda na tarar da Zakiyyu, wai ya zo yi wa abokan ango gyaran fuska. Katanga ce tsakaninmu da tsakar gidan, ba ma ganin komai, kunne kawai.

Bayan la'asar muka ji waƙar ta tashi. Gidan ya ɗauki ihu. Muryar Tartsatsi ta fito tas, yana cewa a buɗe ƙofa, 'yan mata suna amsawa. Baitin farko ya wuce. Amshi na biyu ya zo, ya wuce. Murya ta ɗauke, ganga ta rage ita kaɗai.

Zakiyyu ya kama hannuna. Na ji wasu 'yan muryoyi daga can baya sun fara ɗauko kalmar farko ta baitin nan.

Sai lasifika ta yi gyaran murya.

Muryar tsohuwa ce, irin wadda ta saba tsayar da ɗalibai a filin makaranta. Ta kira sunan Rukayat cikakke, ta bar ganga ta buga, ta kira na mahaifinta, ta bar ganga ta buga. Da Nufanci take yi, ni kuwa kaɗan nake tsinta, amma na ji sunayen mutane da na garuruwa suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan bugu, ba ta riga ganga ba, ba ta bar ta ta wuce ta ba. 'Yan muryoyin bayan nan suka ɓace kamar an hura fitila. Wata ta rangaɗa guɗa, wasu suka karɓa. Tsofaffi suna amsa amin a daidai inda ta tsaya shan iska. Ta rufe da addu'a cikin Hausa, tana sauke kalmar ƙarshe amshin waƙar ya dawo, kamar tare aka haɗa su a Legas.

Ƙarar da gidan ya yi har ta rufe ta janareta.

"Kai!" in ji Zakiyyu. "Kai, kai! Wannan ai ta fi baƙon!"

Ba mu gama mamaki ba muka ji muryar Hajiya a lasifika, ba ta san abin maganar yana kunne ba: "Rifkatu, mayar da shi baya. Na manta kakarta ta wajen uwa."

Aka mayar. Amarya ta sake fita ta sake shigowa.

Kafin magariba aka tashi. Anti Rifkatu ta fito tana naɗe waya a gwiwar hannu, gumi ya jiƙa mata anko, ɗankwali ya karkace. Rukayat ta biyo ta har bakin ƙofa da kwalliyarta, ta rungume ta, ƙawaye suka ja ta suka mayar ciki. Na tambaye ta yadda aka yi.

"Ni ma ban sani ba sai da lokacin ya zo. Na miƙa mata abin magana, ta kalle ni kamar na miƙa mata maciji. Sai ta ji yaran can sun fara. Ai fizgewa ta yi."

"Anti, to yanzu kin yarda albam ɗin ya yi?" in ji Zakiyyu.

"Na taɓa cewa bai yi ba? Shinkafa ce mai kyau, ba a tsince ta ba ne kawai. Kai dai ka je ka ji na tsakiyar nan ba tare da injin aski ba, gobe ka zo mu yi magana."

"In na ji kuma suka yi mini fa?"

"Sai in ara maka gwangwani."

Ta sa wayar a jaka, ta ce mu ɗan tsaya mata a kan lasifikan. Gobe da sassafe tana da suna a Chanchaga, mai jegon kuma ta aiko da waƙoƙin da take so, ba ta ji ko ɗaya ba tukuna. Ta gyara ɗankwali, ta nufi bakin titi neman keken da zai kwashi kaya.